Baba Mode Mai Ɗinka wa Jakuna Takalmi

Da an sallame Asuba za ka tarar da Baba Mode a ƙofar gidansa a Rara ta ƙasar Rabah, da basilla da ƙirgi, yana ɗinka wa jakuna takalmi. Masu wucewa sai dariya. Shekara talatin da biyu ke nan yana jan ayari zuwa Azbin, ya kai gero da busasshiyar albasa, ya dawo da baƙaƙen duwatsun niƙa da matan Wurno da Goronyo ke rububi.

Ƙasar da yake saro su abin kallo ce! Dutse ne ya taɓa aman wuta, narkakkensa ya malala kamar kunu, ya daskare. Wani wuri a murɗe kamar igiya, wani duk huda kamar saƙar zuma, wani kogo ne da raƙumi zai shige da kayansa. A makarantar Midil a littafi muka ga hotonsa, muka haddace don jarrabawa. Ga wanda ya hau bakin ramin da wutar ta fito ya leƙa, a garinmu, ba wanda ya tambaye shi komai.

Halliru, wani falke na Magarya, shaida ne. Tafiyarsa ta farko ya ƙi karɓar takalman.

"Baba, mi jakki za shi yi da takalmi? Sai ka ɗinka mai hula."

"Bari mu kai, ɗana. Dutsin shi ka ba ka amsa."

Kafin Azahar kaifin dutsen ya tsaga kofaton jakinsa, ga jini, ga rijiya sai gobe. Baba Mode ya tuɓe nasa takalman, ya yanka, ya ɗaura wa dabbar, ya naɗe ƙafafunsa da rawani. Haka ya taka har ruwa.

Kai ne ka san kogon da ke riƙe ruwa har bazara, Baba. Kai ne kake ƙwanƙwasa dutse ka ji wanda zai tsage. Yau gwiwa ta gaza, kuma duk wannan sani a kanka kaɗai yake. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Samarin Rabah, musamman mu masu taƙama da alƙalami, zaman inuwar ya isa. Baba Mode ya ce bayan kaka zai yi tafiyarsa ta ƙarshe, kuma zai nuna hanya ga duk wanda ya biyo shi. Zuwa jiya, mutum biyu ne suka ce za su.