Farin Ciki na Uku, Wanda Wijedasa Ke Tsallakewa

Sandar tana da ƙugiya a kanta, kuma kowace safiya sai ta tsallako katangata. Wijedasa ne a ɗaya ɓangaren, cikin farin zane da farar riga, yana zaƙulo furannin bishiyata ɗaya bayan ɗaya don ya jera su gaban Buddha. Shekara talatin muna maƙwabtaka a garin Kegalle, bai taɓa dasa ko tsiro ba. Furen nawa ne, ladan nasa.

Akawu ne a tashar jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Daga nan ya naɗa kansa mai koyar da manya addini a haikalinmu duk ranar cikar wata. Darasinsa ɗaya ne: farin ciki huɗu da Buddha ya ce magidanci kan samu. Ya mallaki abin da ya yi gumi a kansa, ya ci moriyarsa, ya kwana ba bashin kowa a wuyansa, ya rayu ba abin zargi. A kan na biyu Wijedasa kan yi rabin awa, muryarsa tana zuba kamar zuma daga cokali. Na uku kuwa tari ke kama shi. Kafin ya gama kurɓar ruwa mun riga mun isa na huɗu.

Ba kullum yake ɓarna ba, kuma da wannan yake taƙama. Wata goma sha ɗaya yana cin shinkafa da kwakwa da barkono. A na sha biyu sai ya yi wa kansa kyauta: alƙalami mai bakin zinariya, takalmin fata mai kuka, bara kuma agogo. Wannan, in ji shi, ita ce hanyar tsakiya.

Agogon nan sarƙar ƙanwarsa Kusumalata ce ta saya. Sarƙar zinariya ce da mahaifiyarsu ta bar mata, ya karɓa aro na wata uku, ya kai jingina, ya sayi agogon da kuɗin. Kusumalata mijinta ya mutu, tana ƙulla abincin rana a ganyen ayaba tana sayar wa ma'aikata, kuma sarƙar ce kaɗai abin da take da shi wanda bai ƙone a murhu ba. Da shekara ta cika mai jingina ya aiko takarda: in ba a fanshe ta ba zuwa Juma'a, sai gwanjo. A watan ne kuma ariyas ɗin fanshon Wijedasa ya fito. Duk layinmu ya sani.

Ranar Alhamis ya kira ni in sha shayi in ga wani abu. Ina zaune Kusumalata ta shigo, hannunta yana warin albasa.

“Aiya, gobe Juma'a,” ta ce wa yayan nata, don haka ake kiran yaya a garinmu.

“Zauna, Nangi ƙanwata, ki ga abin da idonki bai taɓa gani ba.”

Ya yaye farin ƙyalle daga kan tebur. Mutum-mutumin Buddha ne na marmara, ɗan ƙasar Bama, da zoben ƙananan fitilu a bayan kansa. Ya jona wuta. Shuɗi, ja, kore suka shiga zagaye waccan fuskar mai natsuwa kamar allon shagon sayar da waya.

“Nawa?” in ji ta.

“Ba a tambayar kuɗin abin sadaka.”

“Nawa, Aiya?”

“Ariyas ɗin. Da ɗan ciko da mai shago zai jira.”

“Sarƙar Amma, mahaifiyarmu, fa?”

“Nangi, zinariya ƙasa ce mai sheƙi. Komai mai gushewa ne, ke ba kya zuwa darasi shi ya sa. Ranar cikar wata zan miƙa shi ga haikali, an riga an sassaƙa sunana a allon tagulla. Zan raba ladan da ke, rabi cif. Ke dai ki ce sadu, wato amin.”

“In kai wa mai jingina ladan ya ɗora a sikeli?”

“Bakin nan naki ne ya hana cinikinki albarka.”

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa tafin hannu, wanda tukwane suka yi wa zane.

“Cire agogon. Zan kai masa, ko zai ƙara mana wata ɗaya.”

Ya rufe agogon da ɗaya hannun, kamar wanda aka taɓa wa miki. Ya dube ni ko zan ce wani abu, na dubi shayina.

“Da me zan san lokacin ibada?”

“Haikali yana da ƙararrawa.”

“Ƙararrawar tana makara.”

“To sarƙar ta tafi ke nan,” in ji Kusumalata, a hankali, ba shi take gaya wa ba.

Wijedasa ya zare wayar fitilun don kada mita ta ci, ya mayar da ƙyallen, ya daidaita gefensa. Ya ce babban malamin haikali yana jiransa su zaɓi inda za a kafa allon. Ya zura takalman nan masu kuka, ya raɓa ta gefen ƙanwarsa ya fita.