Gefen Takardun Malam Bamalli

Malam Bamalli na unguwar Wambai shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce karatun gefen takarda. Mutumin nan akwai taurin kai. Ya gaji wani littafin mandiƙi, wato ilimin tsara hujja, takardu warwatse cikin gafaka tun na kakansa. Rubutun tsakiyar shafi bai dame shi ba ko kaɗan. "Wannan kowa na da shi," yakan ce. "In kana son sanin yadda magabata suka yi tunani, nemi inda suka yi musu."

Musun kuwa a gefe yake. Kakan ya rubuta da tawada cewa hankali kaɗai ya isa ya gane abu mai kyau da mummuna. Uban Bamalli ya biyo da biro ya ce ina, sai an koya wa mutum. Da launin tawada da karkatar hannu Bamalli ke gane wa ya fara, wa ya mayar. Abu ɗaya yake nema: shin uban ya sauko daga ra'ayinsa kafin ya rasu? Saura shafi ashirin ya gama, sai yanar ido ta rufe masa gani, dole ya ajiye karatun, rai a ɓace.

Yana kwance bayan aikin ido, 'yarsa Mas'uda, mai aiki a Abuja, ta ga takardun na neman lalacewa. Ta kwashe su ta kai wa Chukwuka, mai ɗinkin littattafai a Kwamba. Shi kuwa bawan Allah ya yi aikinsa tsaf, yadda yake yi wa ɗalibai: ya ɗinke, ya sa bango, ya sa inji ya daidaita bakin takardun.

Ranar da aka cire bandeji ta miƙa masa, tana murmushi. "Baba, ga littafinka ya zama sabo."

Ya buɗe. Tsakiya na nan lafiya lau, gefe an aske shi tas. Ga takaici, ga yarinya na jiran sa albarka. Ya yi ta juyawa har shafin ƙarshe, inda guntun biron ubansa ya tsira: "Yanzu na gane cewa Baba".

Sauran yana kwandon sharar Chukwuka.