Waƙar Iya da Na Ƙi Amsawa

Da ana komawa baya, abu guda zan gyara: zan amsa wa kakata waƙarta.

Iya muke ce mata. Ba 'yar ƙasarmu ta Adar ba ce. Kakanmu ya auro ta daga Kabba, can cikin Najeriya, zamanin da yake kai shanu kudu. Mutanenta Okun ake kiran su, don da wannan kalma suke gaisawa. Ko Yarabawan kasuwar Madawa, in ta yi musu yarenta, sai su ce kaɗan suke tsinta. Hausa take yi da kowa.

Bayan girbi, a gidanmu na Bangi, mukan hura wutar kara mu kewaye Iya. Tatsuniya ɗaya ta fi so. Wata yarinya ta tafi itace, ta ɓata cikin duwatsu. Uwarta ta tsaya bakin daji tana waƙa, yarinyar tana amsawa, da haka ta bi murya har gida. Labarin da Hausa Iya take ba da shi, amma waƙar da yarensu. A garinsu mai tatsuniya ba ya waƙa shi kaɗai. Masu saurare ne ke amshi, da tafi.

"Ku ɗaga murya mana!" take cewa. "In kun yi shiru, wa zai maido ɗiyar mutane?"

Shekarar da na shiga lakwal, wato makarantar boko, yara suka ji ina rera waƙar, suka yi ta yi mini dariya. Da maraice Iya ta ɗauko waƙa, sai na tsuke baki, na harari ƙannena, su ma suka yi tsit. Ta rera sau biyu, ba amsa.

"Maigidana, yau sakina ka yi?"

"Mu ba mu son waƙar baƙi," na ce.

Ta tura kara cikin wuta. "To, yarinya ta kwana daji."

Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi har ta rasu, amma ba waƙa. Sai da na girma na gane, a duk ƙasar nan ba inda take jin yaren uwarta sai a bakinmu, a wannan ɗan amshi.

Yanzu muryar waƙar kawai ta rage mini. Na taɓa rera wa wani tsohon Bayarabe a Madawa, ya girgiza kai, ya ce sai dai mutanen Kabba.

Ku da kuke da tsohuwa a gida, don Allah kada ku yi irin tawa. In ta ɗauko waƙa, ku amsa, ko ba ku gane ba.