Ƙuri'un da Muka Jefa wa Bawa Tursa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Bawa Tursa, ɗan ƙanin mahaifiyata. Duk lokacin da aka buga gangar zaɓe sai ya faɗo mini a rai, domin shi kaɗai na sani wanda jama'a suka zaɓa yana cikin kabari.

Manomin albasa ne daga Tursa ta ƙasar Rabah. Cin rani ya kai shi wani birni mai masaƙu da majemu a zamanin Turawa, ya zama heluma, wato shugaban leburori, a wata majema. Ni kuwa daga Wurno na bi shi, bayan na gaji da yawon Kumasi da Lamy. Unguwarmu duk Sakkwatawa ne, mutanen Goronyo da Rara da Kagara, kuma abu ɗaya ya dame mu: makabarta. Filin da aka ba baƙi kwari ne, nan ruwan jima yake malala. In ka haƙa kabari, kafin ka kai gwiwa jan ruwa ya tsattsafo. An ce baƙo raɓa ne, amma namu baƙin ba su koma gida ba, a cikin wannan ruwa muke sa su.

Da aka ce za a yi zaɓen majalisar gari, Bawa ya tsaya don a ba mu fili a tudu. Alamarsa albasa. Bayan sallar Juma'a magidanta suka kewaye shi, aka ɗaga hannu aka shafa Fatiha a kan kowa zai ba shi ƙuri'arsa. A wajenmu abin da aka shafa wa Fatiha ya ɗauru, sai mai shi ya kwance.

Ana jibi zaɓe zazzaɓi ya ɗauke shi. Muka kai shi wannan kwari, muna kwarfe ruwa da ƙwarya.

A lokacin kowane ɗan takara da akwatinsa, sai hukuma ta cire na Bawa. Saura 'yan takara biyu, ɗayansu wani mai shago ya aiko cewa zai duba maganar filin. Ni da na ga duniya na tashi na yi wa mutane bayani cewa ƙuri'ar mamaci asara ce. Baba Altine, wani dattijon Bafulatani daga Rabah wanda ke mana limanci, ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, kai da ka jin Turanci da Faransanci, hwaɗa min. Bawa ya sake mu?"

Na ce, "Baba, ai ya rasu."

Ya ce, "Ba shi na tambaye ka ba. Mi yac ce maka kahin shi cika? Ya ce ya yahe?"

Na koma na zauna.

Ranar zaɓe da hantsi muka yi layi a wata makaranta. An kewaye lungu da zana, akwatuna a kan benci, mutum yana shiga shi kaɗai da takardarsa. Mutanenmu ba sa shiga ɗaki ba sallama, ko da rumbu ne. Sai na lura duk wanda ya shiga ya yi sallama, yakan fito ba ya duban kowa. Akawun zaɓen, wani mutumin kudu, ya tashi ya leƙa zanar, ya dawo, ya sake tashi ya zagaya bayanta. Da na iso gabansa ya ji ina Turanci, sai ya rage murya ya tambaye ni wane ne a ciki yake amsa musu.

Na shiga da niyyar jefa wa mai shago. Bakina ya riga ni, na yi sallama. Aka amsa. Ba da ƙarfi ba, kamar mutum yana sunkuye yana shuka ya amsa ba tare da ya ɗago ba. A garin da hanci bai san komai ba sai warin fata, wurin nan ƙanshin ɗanyen lawashi yake yi, irin na fadama da safe. Tsakanin akwatunan biyu akwai fili inda aka cire na Bawa, takardu jere a kai, an daidaita bakinsu tsaf. Na ɗora tawa.

Na ga zaɓe a Kumasi, na gani a ƙasar Faransa inda ake sa takarda cikin ambulan, na ji labarin na Sudan a hanyar Makka. Ban taɓa jin inda aka yi haka ba. Baturen da ya zo ƙirga ya ce takardun da ke kan benci duk sun lalace, aka zuba su a buhu. Mai shago ya ci, amma ya ga tsayin tarin nan da idonsa, ya kuma ji abin da akawu ya faɗa. Ba a ga dariyarsa ba ranar. Zaman farko na majalisa maganar makabarta ya tayar, bai huta ba sai da aka yanka mana fili a tudu.

Nakan ce, da Bawa zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga ana shafa Fatiha da safe a warware da yamma. Zai ji ana cewa matattu ke jefa wa rayayyu ƙuri'a. Na san zai yi dariyarsa ta ƙasa-ƙasa ya ce, "To, sun rama muna ke nan." Alkawari kaya ne, amma yanzu kowa ya iya sauke shi a bakin hanya.

Ko mu muka yi wauta, ko Baba Altine ya fi ni gani, har yau ban yanke ba. Abin da na sani, Sakkwatawa masu yawa suna kwance a busasshiyar ƙasa saboda Bawa. Shi kuwa ba a tone shi ba, limamai suka hana. Daga baya aka cike kwarin, aka yi tashar mota a kai. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa ni kaɗai na rage da na san daidai wurin, ƙafafuna kuma sun daina tafiya. Allah Ya jiƙan Bawa, Ya busar masa da makwanci.