Ku Riƙe Masa Tsanin

A ɗakin jira na asibiti, talabijin na nuna tsohon fim ɗin barkwanci. Tantin 'yan wasa ya yage, 'yan kallo sun watse, wani dolo ya hau tsani zai ɗinke. Mai shara na cikin dariya sai idonta ya faɗa kan wata mata a ƙarshen benci, mayafi a baibai, ta ƙanƙame takalman namiji duk fenti. Ko na mijinta ne? Tsanin na karkata, ita ma tana karkata.

"Bayin Allah, ku riƙe masa mana," take cewa ƙasa-ƙasa.

Dolon ya rikito, ya miƙe garau yana kakkaɓe wando. Matar ta juya ta zuba wa ƙofar tiyata ido. Har yanzu a rufe take.