Ranar da Aka Haska Maƙogwaron Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, albasa yake sayarwa a kasuwar Ogbete da ke Inugu, kuma shi ne ladanin ɗan masallacinmu na unguwar Coal Camp. Abu biyu yake ji da su a duniya, muryarsa da haƙorin Makkansa. Wata safiya keken da ya hau ya yi karo da bas, cinyarsa ta karye. Likitoci suka yi zargin ƙashin wuyansa ma ya tsage, suka ɗaure wuyan da wata kwala mai tauri. Ni aka kira in yi tafinta, domin a Inugu aka haife ni, shi kuwa duk daɗewarsa a garin bai iya komai da Ibo ko Turanci ba sai ciniki da zagin direbobi.

Na same shi kwance yana kallon sama, ba damar juyawa. Likitar da za ta sa shi barci, wata 'yar Ibo mai fara'a, ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce kafin a gyara cinyar sai an zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro, don na'ura ta riƙa ba shi numfashi. Yadda aka saba, a ɗaga kan mutum baya, a danne harshe da wani lanƙwasasshen ƙarfe, likita ya leƙa da idonsa. Amma shi ba a so wuyansa ya motsa, don haka za ta ɗauko ƙarfe mai kyamara a bakinsa, tana ganin hanyar a ɗan allon bidiyo.

Na fassara duka, amma kalmar bidiyo kaɗai ta shiga kunnen Kawu.

"Gaya mata ni ba a ɗaukata ba hula," in ji shi.

Na ce masa ai cikin maƙogwaro za a haska, fuska ba za ta fito ba. Ya ce to wannan ya fi muni, gobe ya ga cikin wuyansa yana yawo a wayoyin 'yan albasa. A kawo masa tsohon ƙarfen, da shi aka yi wa mutanen kirki aiki.

Likitar ta yi dariya, ta ce ba a ajiye hoton, ita da abokan aikinta kawai za su gani. Sai ta ce ya buɗe baki. Da ta hango haƙorin yana ƙyalli, ta gaya mini cewa idan leƙe ya yi wuya, tsohon ƙarfen yakan jingina daidai wurin nan, wani lokaci har haƙori ya ɓalle. Kawu ya shafa haƙorin da harshe. Can ya ce a kawo kyamarar. Ya nemi ruwa ya kuskure baki aka hana shi, sai ya ce in sanar da ita duk jan da za ta gani a ciki goro ne, kada ta ɗauka cuta ce.

Aikin ya yi kyau. Da ya farfaɗo, ya tabbatar haƙorinsa na nan, ya sa na kira likitar ya tambaye ta abin da ta gani. Ta ce ta ga jijiyoyin muryarsa biyu, farare tas. Ya tambaya ko sun fi na sauran mutane kauri. Ta ce a'a, kamar na kowa suke.

"Turancinka ne bai kai ba," ya ce da ni. "Ba haka ta faɗa ba."

Da aka sallame shi, duk wanda ya zo dubiya sai ya ji cewa likitoci sun taru suna kallon muryarsa a talabijin. Muryar kuwa ta dushe na ɗan lokaci saboda bututun. Wani mai tsire ya karɓi kiran salla, Kawu yana kwance yana gyara masa jan murya cikin raɗa, ba mai jin sa. Matar Kawu ta ja ni gefe ta tambaye ni, cikin natsuwa, ko likitar ta ce za a sake zura bututun in an koma cire ɗinki.