Yashin da Na Juye a Filin Mutane

A lokacin da abin nan ya faru ni direban tifa ne a Jalingo, ina ɗebo yashi daga rafi ina kai wa masu gini. Ba ni da arziki, amma ina da abu ɗaya da nake taƙama da shi: in na faɗi magana ana yarda. Tun ina karen mota, sabon zuwa daga Iware, akwai wata dattijuwa mai tuwo a tasharmu da muke kira Dada. Ita ta riƙe cikina shekarun da ba ni da ko sisi, ba ta taɓa juyar da ni da kwano wayam ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye, tana haya a wani ɗan ɗaki bayan kasuwa. Burinta ɗaya, kullum tana faɗa tana tuƙa tuwo, ta mutu a ɗakin da yake nata.

A garin nan kowa ya san tulin yashi da 'yan bulo a kan fili alama ce ta yana da mai shi, kuma gini ya kusa. Akwai wani dillalin filaye da yake yawan ba ni aiki, mai fara'a, mai yawan ambaton Allah. Wata safiya ya sa na kai yashi wani fili a hanyar Kona. Ya ce in juye can baya, ya sa aka baza shi, aka jera tsofaffin bulo da suka yi baƙi a gefe. Raina ya ba ni wani abu, don mai gini ba ya sayen tsohon bulo. Amma na ce wa kaina ni direba ne, nawa juyewa.

Ban tayar da mota ba sai ga Keke Napep ta tsaya, Dada ta sauko da sabon mayafinta. Ashe ita ce mai sayen filin, ta kwashe adashinta, ta sayar da 'yan shanun da ta gada. Da ta gan ni fuskarta ta washe. Ta ja ni gefe ta ce ita ba ta iya karanta takarda ba, amma tunda ga ɗanta a wurin, in gaya mata tsakanina da Allah ko filin na mutumin nan ne. Dillalin yana tsaye bayanta yana kallona yana murmushi. Na tuna aikin da yake ba ni, na tuna damina ta kusa, lokacin da rafi ke cika aiki ya yi wuya. Na ce mata nasa ne, tun bara nake kawo masa yashi nan. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ta sa mini albarka.

Ginin Dada ya kai linta lokacin da mai filin na gaskiya ya dawo daga inda yake aiki, da takardunsa cikakku. Dillalin ya ɓace, aka ce ya tsallaka Kamaru. Ni aka samu a tasha, aka sa mini ankwa a gaban abokan aikina. Na yi ta rantsuwa ban ci ko kwabo a kuɗin filin ba, kuma gaskiya ne. Lauyan da aka ba ni ya zaunar da ni ya ce wannan ba zai fitar da ni ba. Duk wanda ya faɗi ƙarya yana sane, har wani ya saki dukiyarsa saboda ita, doka tana ɗaukarsa abokin damfarar ne. A kotu Dada ba ta zage ni ba, ba ta ma kalle ni ba. Ta gaya wa alƙali cewa ba takarda ta saya ba, bakina ta saya. Aka yanke mini ɗauri.

Ban san kaɗaici ba sai a gidan yari. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu, ban ga laifinta ba. Direbobin da muke cin kwano ɗaya ko gaisuwa ba su aiko ba. Ranar ziyara nakan zauna a gindin bango ina jin ana kiran sunayen mutane har a tashi. Sau ɗaya tak aka kira nawa, ana gobe Sallah. Na fita da gudu, ban tarar da kowa ba sai kwano a hannun gandiroba, ya ce wata tsohuwa ce ta ajiye ta tafi. Tuwon masara ne da miyar kuka, da tantaƙwashi a gefe yadda take zuba mini tun ina yaro. Na kasa ci, na zauna ina kuka har ya huce.

Ranar da na fito ban nufi ko'ina ba sai tasha, da niyyar in durƙusa gabanta. Wata yarinya na tarar tana sayar da taliya a rumfar Dada. Aka ce Dada ta rasu da daminar da ta wuce, a ɗakin nan na haya, maƙwabta ne suka yi mata sutura.

Yanzu ina tuƙa motar wani a wani gari, ni kaɗai nake kwana, ni kaɗai nake cin abinci. Na gane cewa ɗan damfara ba ya iya aikinsa sai ya ari fuskar wanda aka yarda da shi, kuma ranar kamu mai fuskar ake samu a gida. Don haka 'yan uwana direbobi, magina, masu shaidar ciniki, in aka tambaye ku fili na wane ne kuma ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Mai saye kuma ya je ofishin filaye ya bincika, kada tulin yashi ya ruɗe shi. Ni alƙali ya yanke mini wa'adi na gama. Gafarar Dada ce ban samu na roƙa ba, kuma babu sauran inda zan same ta.